Yadda Na Tashi Mai Masaukina a Tandabawi

Ranar da jirgin alhazanmu na ƙarshe ya tashi daga Jidda, ni da mai ɗakina Binta ba ma cikinsa. Ba makara muka yi ba, da niyya muka zauna. Sunana Sule, mutumin Zariya. Shekara talatin na yi ina aikin duba-gari a En'e, ina shiga gidajen mutane da dogon ludayi ina leƙa randunansu. Da na yi ritaya, shekara huɗu bayan samun mulkin kai, na karɓi garatutina, na sayar da gidan da na gina a Tudun Wada, na ce sauran kwanakina a Makka zan yi su. 'Yarmu guda tana ɗakin mijinta. Fanshona kuwa ƙanena Garba zai riƙa karɓa yana aiko mini ta hannun alhazai. A ganina babu igiyar da ban ɗaure ba.

Zangonmu na farko gefen titi ne. Mun sulale daga gidan mutawwafi, mai kula da alhazai, bayan sallar asuba, da akwatunanmu biyu, kamar yadda masu niyyar zama suke yi. Kwana uku muna raɓe a inuwar wani bango kusa da Harami. Kuɗina duka suna cikin ɗamara a ƙuguna, amma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba, Larabcina kuma na karatu ne, in na yi magana sai 'yan kasuwa su yi dariya. Garin ya watse, zafi ya shigo. A rana ta uku Binta ta tashi za ta yi alwala, ta yanke jiki ta faɗi.

Ina durƙushe a kanta ina fifita da hulata sai na ji an ajiye garwa a bayana, an ce, "Subhanallahi! Rana ta. Ɗaga kanta." Wani tsoho ne baƙi, siriri, da garwa biyu rataye a sanda, kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Ya karkata garwar ya kwarara mata ruwan da zai sayar, duka, bai tsaya tambaya ba. Da ta buɗe ido ya dube ni ya ce, "Kai wane gari?" Na ce Zariya. Ya ce, "Ina masaukinku?" Na dubi akwatunanmu a gindin bango. Ya ce, "To, na jiya. Ɗauki akwati guda, in ɗauki guda."

Shi ne Alhaji Mamman, Basakkwace, mai ga-ruwa. Da ƙafa ya zo ta Sudan tun yana da ƙarfi, shekara tara a hanya, ya kuma fi shekara talatin a Makka. Ya hau da mu wani lungu a unguwar Tandabawi, inda mutanenmu suke da yawa, har wani gida mai bene. Ɗakuna biyu na ƙasa yake haya, mai gidan yana sama. Matarsa Tumba tana zaune a tsakar gida tana suyar gyaɗa a kasko, ƙafafunta a kumbure. Ba ta tambayi ko su wane ne mu ba. Ta ja jiki ta kwashe shimfiɗarsu daga ɗakin da ya fi samun iska, ta kwantar da Binta. Su suka koma ɗayan, inda ake tara garewani da buhunan gyaɗa.

Kwana goma sha biyu Tumba tana jiƙa zane tana lulluɓa wa Binta, tana ɗura mata ruwan tsamiya da ludayi. Ni kuwa me nake yi? Ina zaune ina duba gidan. Sana'a ta riga ta zauna mini a ido. Na ga kwatar da ba ta gudu, na ga ƙudaje a bakin kasko, na ga randa ba murfi. A Zariya da na sami gida haka da sammaci zan bar shi. Ina cin tuwonsu ina rubuta musu laifi a zuci.

Da Binta ta miƙe na ce wa Mamman ina son ya nuna mini dillalin gidaje, zan saya. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Sule, saye?" Haka yake kirana, gatsau, ba Malam ba Alhaji, don ya girme ni nesa.

Na ce, "Saye mana. Da kuɗina na zo."

Ya ce, "Baƙo ba ya mallakar ƙasa garin ga. Takardar gida, sakki suka ce mata, sai ɗan ƙasa aka rubuta ma. Kai ko igama ba ka da, takardar zama. Kama haya. Shekara ta zagayo, ka ga zahi, ka ga sanyi, ka san unguwa, ka san mutane. In wuri bai yi maka ba ka ɗau tabarmarka. Kuɗinka su zauna hannunka."

Na ce, "Ka ga, Alhaji, a gidanmu ba a haya. Haya ta lebura ce da wanda ba shi da asali. Ni da na gina gida da gumina, in tsufa ina jiran wani ya ce mini tashi?"

Maganar ta fita kafin in tuna da wanda nake magana. Tumba ta ci gaba da juya gyaɗarta. Mamman ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ta, mu lebura muna." Ban ba shi haƙuri ba. Na ɗauka tunda ya yi murmushi shi ke nan.

Wata biyar muka yi a ɗakin nan. Duk sanda na miƙa masa wani abu sai ya ce in ba Binta ta sayi nama. A watannin nan na san kewa. Ba mutane na fi kewa ba, gaisuwa na fi kewa. A Tudun Wada in na fito mata kan ruga su rufe randa, maza su ce ranka ya daɗe. A nan in na bi layi sai a ce, "Ya Takaruni, matsa," don duk baƙar fata daga wajenmu Takari ne, da mai digiri da mai garwa. Wani dillali ya kai ni bayan gari ya nuna mini fili a gefen dutse, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ban sake ganinsa ba. Ban gaya wa kowa ba. Amma maimakon abin ya sanyaya mini jiki sai ya ƙara mini zafi. Na ƙudurta sai na sami ƙofar da zan ce tawa ce.

Ana nan sai mai gidan da muke ciki ya ce zai sayar, zai koma Jidda wurin 'ya'yansa. Na ce wa Mamman faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya sake ba ni shawarar farko, na ƙi ji. Da ya ga ba ni da niyyar juyawa ya ce, "In dole sai ka sa kuɗinka cikin sunan wani, bari in kai ka ga wanda na sani. Kada ka koma ga dillalai." Ashe ya san labarin filin.

Ya kai ni unguwar Zahir, shagon wani kafinta mai suna Hamza. Haifaffen Makka ne, kakansa Bakano, yana da takardar ɗan ƙasa. Mamman ya shekara ashirin yana kai ruwa gidan mahaifinsa. Hausarsa rabi da rabi ce. Ya saurare ni har na gama, ya kira ni Ammi, wato baffa, ya ce, "Ya Ammi, abin nan mamnu'u ne, gwamnati ta hana. Amma saboda Ammi Mamman zan yi. Sharaɗi ɗaya, mu rubuta waraƙa tsakaninmu, cewa kuɗi naka ne, suna kawai nawa. Mutuwa ba ta sallama."

Na ce a'a. Shekara talatin da takarda nake kama mutane, na san abin da takarda take yi. In aka same ta, ni a kore ni, shi a ɗaure shi. Na ce amana ta fi tawada. Gaskiyar magana kuwa, har da wani abu: ba na son a rubuta a ko'ina cewa gidan yana da wani suna ban da nawa.

A ɗakin Mamman na kwance ɗamarata na miƙa wa Hamza, daga mu uku sai Allah. Hamza ya tafi da mai gidan wurin masu rubuta sakki, mai gidan bai san kowa ba sai Hamza. Da yamma ya kawo mini mabuɗi. Muka hau sama ni da Binta. A makon nan na rubuta wa Garba wasiƙa: Allah ya ba ni gida na kaina a Makka, mai bene, ɗaki huɗu, ana jin kiran sallar Harami daga tagata. Na ce ya karanta wa jama'a a masallaci.

Watanni uku na farko lafiya lau. Na gyara kwata, na yi wa bango farar ƙasa. Mamman ya ci gaba da cika mana randa kullum kafin ya fita. Abin da ya canza a cikina ne. Da ya kira ni Sule a gaban mutane sai in ji haushi. Hayaƙin suyar Tumba, wanda da nake jin ƙamshinsa, ya zama yana hawowa yana ɓata mini farar ƙasa.

Bayan ƙaramar salla amsar Garba ta zo. Ya ce an karanta wasiƙata, kowa ya yi murna. Ya ce kuma tsohon shugabana a wurin aiki, Wakilin Tsafta, zai zo hajji bana, ya ce lalle a gidana zai sauka.

Mutumin nan shekara ashirin ina cire takalmi kafin in shiga ofishinsa. Na zauna na hango shi yana shigowa gidana, abin da zai fara gani garewani ne da tsohuwa mai kumburarrun ƙafafu a bakin kasko, ga kuma mai ga-ruwa yana ƙwala mini kira da sunan yanka. Na gaya wa Mamman ina buƙatar ɗakunan ƙasa saboda baƙi. Ya ce, "Wanga ai ba komi ba na. Haka aka yi kowace shekara. Mu hau rufin soro ni da Tumba, mu kafa buhu, baƙi su wuce mu sauko." Ya rufe mini hanya da alheri. Ban iya ce masa ganinsa ne ba na so a yi ba.

Sai na koma ga sana'ata. Wata safiya, bayan ya dawo daga zagayen farko, na buɗe akwati na ɗauko dogon ludayina na aiki, wanda na zo da shi don tunawa. Na sauko na tsaya a kan randar Tumba, na zurma shi har ƙasa, na ɗago, na kai wurin haske. Akwai tsutsar sauro biyu ko uku. Babu randar da za a rasa su a unguwar nan, har tawa. Na kira maƙwabta biyu da suke wucewa, na nuna musu. Na ɗaga murya na ce ƙazantar nan ita ce ta kusa kashe mini mata, na ce na yi haƙuri na gaji, gidana ba juji ba ne. Na tunkuɗe randar da ƙafa, ta fashe, ruwan ya bi ta ƙarƙashin Tumba inda take zaune, ya jiƙa mata zane, ya kashe wutar kaskon.

Tumba ba ta iya tashi da sauri. Ta zauna cikin ruwan ta dube ni ta ce, "Malam Sule, da ka hwaɗa mini sai in wanke."

Mamman ya jingina sandarsa da bango. Ya ce, "Sule, randa kaka nufi ko mu?"

Na ce, "Na ba ku kwana bakwai."

Ya ce, "Ukku sun isa."

Binta tana tsaye a matakala. Da na hau ta ce, "Malam, a ɗakin matar nan na warke. Kai ma ka san ba ruwanta ne ya kayar da ni ba, ruwan mijinta ne ya tashe ni." Na ce ta yi mini shiru. Ta kuwa yi. Kusan wata guda ba ta ce mini komai ba sai ga abinci, ga ruwa. Ranar da za su tafi ita ta ɗaure wa Tumba kaya, ta raka su har bakin titi tana kuka. Ni ina sama na rufe taga. Lokacin hajji ya gabato, ɗaki ya yi tsada ko'ina, ba su sami wuri a unguwar ba. Na ji an ce Mamman ya sami aikin dako a Mina wurin wani mutawwafi, ya tafi da ita can.

Wakilin Tsafta ya zo. Ashe mutawwafinsa ya riga ya ba shi masauki kusa da Harami, tare da manyan da suka zo jirgi ɗaya. Sau ɗaya ya leƙo gidana, bayan la'asar. Na shimfiɗa darduma sabuwa a ɗakin ƙasa. Ya zauna, ya sha shayi kofi ɗaya, ya ce, "Sule, ka yi ƙoƙari." Ya nemi ruwan alwala, randata ba ko ɗigo, don lokacin hajji masu ga-ruwa sai wanda suka sani suke kai wa. Na fita da buta na roƙo a maƙwabta. Kafin in dawo ya miƙe, ya ce zai yi a masallaci. Zamansa duka bai kai rabin awa ba.

Alhazai suka watse, zafi ya dawo. Ɗakunan ƙasa suka zauna a rufe. Wata rana a tsakiyar zafin nan Binta ta dawo daga gidan suna, ta ajiye mini abinci, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Yaya Tumba ta rasu. Yau kwana tara. An ce bayan hajji an bar Alhaji Mamman gadin kayan tanti, a rumfar kwano suke zaune. Zafi ne ya gama da ita." Na ce Allah ya ji ƙanta. Ta ce, "Yaushe za mu gaisuwa?" Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Na kasa tunanin yadda zan tsaya a gabansa. Binta ta gaji ta bi wasu mata ta tafi ita kaɗai. Da ta dawo ban tambaye ta abin da ya ce ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Wata biyar bayan haka Hamza kafinta ya kwanta ciwon kwana uku ya cika. Na je jana'iza, na yi kuka na gaske, don mutumin kirki ne, bai taɓa tako gidan da sunan nasa ne ba. Bayan sati uku wani mutum mai kimanin shekara talatin, da farar riga da takardu a hannu, ya yi sallama. Adnan ne, babban ɗan Hamza, ma'aikacin ofis. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da ƙyar da Larabcina na gane abin da ya zo da shi: sun sami sakkin gidan nan a cikin kayan mahaifinsu, ya shiga gado, yana son ya san nawa nake biya a shekara.

Na ce gidan nawa ne. Ya dube ni da tausayi, kamar yadda ake duban tsohon da ya fara ruɗewa. Ya ce, "Fen al-waraƙa?" Ina takarda? Babu. Ya ce to shaida. Na ce matata ta sani. Ya ce shaidar mata ga mijinta ba ta shiga, kuma ba ta wurin. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce mahaifinsa bai taɓa cin haram ba, shi ma ba ya so ya ci, amma akwai marayu ƙanana a cikin magada, ba zai ɗauki haƙƙinsu ya bayar a kan maganar baki ba. In kawo mutum ɗaya da ya gani da idonsa.

Kwana biyu ban fita ba. Ba ni da ikon zuwa wurin alƙali, mutumin da ba shi da igama ba ya kai kansa. A rana ta uku Binta ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka san hanyar. Motar Mina tana tashi da hantsi."

Wanda ya san Mina a ranakun hajji kaɗai bai san ta ba. Kwari ne tsakanin duwatsu, ba tanti, ba mutum, ba ko tsuntsu, sai ƙasusuwan layya da rana ta gasa suka yi fari. Na yi tafiya mai nisa kafin na hango wani ɗakin ajiya, an tara sandunan tanti a gefensa, an jingina rumfar kwano da kwali. Mamman yana zaune yana ɗinkin tsohon tanti. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Kaskon Tumba yana kife a bakin rumfar.

Na yi sallama. Ya amsa, ya shiga ya ɗebo ruwa a kwano ya miƙo mini. Na sha. Ya ce, "Sule, gaisuwa ka zaka ko bukata?"

Na ce, "Gaisuwa."

Ya ce, "Wata shidda."

Na durƙusa a ƙasar nan mai zafi, na ce, "Ƙarya na yi, Alhaji. Bukata ce." Na gaya masa komai. Bai katse ni ba, bai daina ɗinkinsa ba. Da na gama ya ce, "Hamza ya rasu? Allahu akbar. Tun yana saurayi nis san shi." Ya share ido da gefen tantin. Mutuwar Hamza ce ta sa shi hawaye, ba labarina ba. Can ya ce, "Bari in sami mai tsare mini wurin ga. Gobe in sha Allahu ina tahowa."

Ya zo kuwa. Muka tafi Zahir, gidan Hamza. Aka zaunar da mu a ɗakin baƙi, matar marigayin tana bayan labule, ita ce take juya wa ɗanta abin da bai gane ba, don ita Hausarta tsaf. Mamman ya faɗi ranar, ya faɗi ɗakin, ya faɗi irin ɗamarar da na kwance da yadda Hamza ya nemi a rubuta takarda na ƙi. Ya rantse da Allah sau ɗaya. Adnan ya yi wa uwarsa magana da Larabci, ita kuma ta ce daga bayan labule, "Baba Mamman, yaron yana tambaya, ba wannan ne mutumin da ya kore ku daga gidan ba? Mun ji labari."

Na so ƙasa ta tsage. Mamman ya ce, "Shi na. Amma ba wanga kunka kira ni in shaida ba. Kuɗin nashi na."

Matar ta ce ita ta gamsu, don Mamman bai taɓa yi wa gidansu ƙarya ba ko a kan garwa ɗaya. Sai dai sakki yana da sunan Hamza, alƙali kuma da sakki zai raba, ba yadda za a kai maganata gabansa ba tare da an tona marigayin da ni ba. Abin da suka iya shi ne, ita da Adnan da ƙanwarsa guda da ta girma suka bar mini rabonsu. Na marayu ba wanda yake da ikon taɓawa. Aka sayar da gidan bayan azumi. Abin da ya zo hannuna bai kai rabin abin da na kwance daga ƙuguna ba, kuma na san ko shi ba wayona ne ya dawo da shi ba.

Muka kama hayar ɗakuna biyu a Zahir, a gidan wata tsohuwa Bakatsiniya. Na sami abin yi, ina zama a bakin masallacin unguwa ina rubuta wa mutanenmu wasiƙun boko zuwa gida. Wasiƙar da ta fi ba ni wuya tawa ce, wadda na gaya wa Garba gaskiya. Na ce ita ma ya karanta a masallaci. Ban sani ba ko ya karanta.

Ɗaki na biyun saboda Mamman na kama shi. Binta ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta sa randa sabuwa. Na sake hawa motar Mina. Na same shi yana jera sanduna, don hajji ya sake gabatowa. Na ce masa ga ɗaki, ba zai biya komai ba, ya zo ya huta, ya daina dako.

Ya ce, "Ɗakin wa?"

Na ce, "Haya na kama."

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce, "Madalla. Allah ya sa albarka. Amma ni nan ni ka zama. Na saba."

Na roƙe shi har sau uku, ya ƙi. Sai na kama hannunsa na ce, "To Alhaji, don girman ɗakin Allah, ka yafe mini."

Ya ce, "Nawa na yahe tun ranar da munka hito. In ban yahe ba da ban ba ka ruwa ba. Nata ko, Sule, ba ta wakilta ni ba. Har tac cika ba ta ambace ka da sharri ba, ba ta kuma ce ta yahe ba. Abin da tar riƙa tambaya guda na: wai da gaske ruwanta ya sa Binta ciwo?"

Na ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce ƙarya ta. Tac ce a'a, Malam Sule ma'aikacin lahiya na, ya hi mu sani."

Na zauna a kan sandunan. Na ce ya nuna mini kabarinta, in je ko da magana ce in yi a kansa. Ya girgiza kai. Ya ce, "Garin ga ba a sa alama. Ni da nis sa ta da hannuna, in ka kai ni yau ban gane wurin."

Ya koma ga jeran sandunansa. Na tashi na kama ɗaya gefen ina miƙa masa, bai hana ni ba. Muka yi ta jerawa har aka kira azahar.

Da na isa gida Binta tana bakin ƙofa. Ta leƙa bayana ta ga ba kowa. Ta ce, "Me ya ce?" Na buɗe baki zan ce ya ce yana gaishe ta, sai na fasa. Na zaunar da ita na gaya mata tambayar da Tumba ta mutu tana yi. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara tare da Binta a ɗakin hayar nan, ta yi mini duk abin da mace take yi wa miji, amma daga ranar ba ta sake kirana Malam ba.